Bidiyon da Malama Rula Ta Ɗauka a Aji Uku

Yara ne suka sa mata suna Malama Rula, kuma ta san da sunan. Shekara ashirin da shida tana koyar da aji uku a makarantar firamare ɗaya, a ɗaki ɗaya, na ƙarshe a jerin da ke kallon famfo. Rular ta katako ce, lambobin jikinta duk sun goge. Ba kasafai take dukan yaro da ita ba. Tebur take buga wa, ƙarar kuma tana kaiwa har ofishin hedimasta. Wanda ya yi laifi sai ya je jikin bango ya durƙusa, hannu sama, har sai ta tuna da shi.

Iyaye suna son ta. Duk yaron da ya fita daga hannunta ya iya karatu, ya haddace lissafin sau har zuwa sha biyu, ya kuma san ba a shiga aji da farce mai datti. Akwai waɗanda suke zuwa tun kafin a buɗe makaranta su roƙi hedimasta a sa musu yara a ajinta. Ita ma ta yarda da kanta. Takan ce kallo ɗaya take yi wa yaro ta san ko malalaci ne, ko mai taurin kai, ko wanda bai karya ba.

Mijinta tsohon direban bas ne. Ciwon baya ya sauke shi daga mota, ya koma kiwon tattabaru a tsakar gida. 'Ya'yansu uku duk sun yi aure sun watse, babban ɗan kuma ya aiko wa kowannensu waya mai kyamara. Malama kira kawai take yi da tata. Direba kuwa babu lungun da bai shiga ba a cikin tasa. Wuni yake yana ɗaukar tattabaru bidiyo, yana tura wa jikoki.

A shekarar da wannan abu ya faru, akwai wata yarinya 'yar shekara takwas a benci na biyu, kusa da taga. A gida Auta ake ce mata. Tana da tsabta, rubutunta mai kyau, amma ana cikin darasi sai ta ƙura wa allo ido ta yi shiru. A kira ta, ba ta amsawa. A sake kira, sai ta juyo ta ce, "Na'am?" kamar yanzu aka fara magana. In aka ba da shifta, sai a ga ta tsallake kalma uku ko huɗu a tsakiyar layi, ta ci gaba kamar babu abin da ya ɓace. Wata rana Malama ta ce mata, "Ke mutum ce ko gunki?" Kafin a tashi, duk ajin Gunki suke kiranta.

Da abin ya ishi Malama, sai ta aika a kira uban yarinyar. Mai walda ne. Ya zo da baƙin tabarau a goshi, hannayensa duk tabon tartsatsi, ya tsaya a bakin ƙofa yana sauraro har ta gama.

"Malama, da girmanki," ya ce, "amma 'yar nan a gida ta fi yayyenta kaifi. Aike ɗaya ba ta taɓa mantawa ba."

"Wato ƙarya nake yi mata."

"Ban ce ba, Malama. Na ce dai ban taɓa gani ba."

"To za ka gani. Zan ɗauko maka ita a waya, ka kalla da idonka."

Ran Laraba ta jingina wayar a kan kabad ɗin aji, ta tokare ta da kwalin alli, ta kunna. Da ta koma gida ta duba, babu abin kirki a ciki. Kyamarar ta yi ta kai-komo tsakanin kawunan yaran benci na farko. Duk wanda ya ɗaga hannu sai ta koma kansa, Auta kuma ta zama dishi-dishi a baya, ba a ma gane ido ko hanci.

"Wayar nan ba ta da amfani," ta ce wa mijinta.

Direba ya karɓa ya duba, ya yi dariya. "Malama, mota lafiyarta ƙalau, direban ne bai da lasin. Matso ki gani."

Ya shiga saitin kyamarar ya kunna wani abu, sannan ya nufi ɗakin tattabaru da wayar. Ya taɓa wata farar tattabara a jikin gilashin, sai wani ɗan akwati rawaya ya fito ya kewaye ta. Ta yi gaba, akwatin ya bi ta. Ta sauka ƙasa tana tsattsagar hatsi a cikin 'yan uwanta, akwatin na kanta. Ita ta fito tar, har ana ganin jan zoben idonta, sauran kuma suka ɗan dushe.

"Kin gani? Wanda kika taɓa, shi zai riƙe. Ko wasu sun gifta ta gaba, in dai ba su rufe shi gaba ɗaya ba, ba zai sake shi ba. Ki dai tabbata akwai haske, ki ɗan jawo hoton kusa kafin ki taɓa." Ya miƙa mata. "Halinku ɗaya da shi. In kuka sa wa mutum ido, ya shiga uku."

Ta harare shi, amma ta gwada a kansa. Ya yi ta zagaya tsakar gida yana dafe da baya, akwatin na manne da fuskarsa.

Ran Juma'a da safe ta sake jingina wayar a kan kabad. Ta jawo hoton yadda benci biyu na farko da bangon taga za su shiga, ta taɓa fuskar Auta, akwatin rawaya ya kama. Ta juya ta fara darasin karatu. Minti ashirin da 'yan kai wayar ta ɗauka. Ba ta duba ba sai da yamma, bayan ta dawo gida ta cire takalmi, suna zaune a inuwar baranda ita da Direba.

Wannan karon fuskar ta fito sosai. Malama ba ta taɓa ganin yarinyar kusa haka ba. Akwai ɗan tabo a haɓarta, kuma tana motsa leɓe tana bin karatun da ake yi, yatsanta na bin layi. A minti na biyu sai yatsan ya tsaya.

"Yauwa," in ji Malama. "Ga shi nan. Abin da nake faɗa wa uban ke nan."

Direba ya matso kusa. Ya karɓi wayar ya mayar baya kaɗan, ya sake kallo. Ya sake mayarwa.

"Malama, duba idonta."

Ta duba. Idon a buɗe yake, amma ƙwayar ta ɗan yi sama, fatar idon tana karkarwa da sauri-sauri. Bakin yana motsi kamar mai tauna abu. Fensirin da ke hannunta na hagu ya sulale ya faɗi a kan littafi, ba ta bi shi da kallo ba. Can sai muryar Malama ta fito daga wayar, tana kiran "Gunki", sau biyu. Sai ƙarar rula a kan tebur. Yaran da ke gefe duk suka zabura, wata har ta dafe ƙirji. Auta ko ƙiftawa ba ta yi ba. Bayan ɗan lokaci sai ta yi ajiyar zuciya, ta ɗauki fensirinta, ta mayar da yatsa daidai kan kalmar da ta tsaya, alhali ajin ya wuce wurin da layi biyu.

"Shekara talatin ina kallon fasinja ta madubi," Direba ya ce a hankali. "Na san mai gyangyaɗi, na san mai tunani, na san wanda ya yi kamar bai ji kwandasta ba. Wannan ba ko ɗaya ba ce. Yarinyar nan ba ta wurin."

Malama ta karɓi wayar. Ta duba lambobin da ke tafiya a ƙasan hoton. Daƙiƙa goma sha ɗaya abin ya ɗauka. Ta bar bidiyon ya ci gaba, suna ƙirgawa. A minti na biyar ya sake zuwa. A na bakwai ma haka. A karo na huɗu ne muryarta ta ce, "Tashi ki je bango." Yarinyar ta miƙe tana duban na kusa da ita, fuskarta cike da tambaya. Ba fuskar mai laifi ba ce, ba kuma ta mai taurin kai ba. Ba ta san abin da ta yi ba.

Akwatin ya bi ta har jikin bango. Ta durƙusa ta ɗaga hannu. Bayan kamar minti ɗaya, idon ya sake yin sama, hannayen suka fara saukowa a hankali har suka kai kafaɗa. Muryar Malama ta ce, "Na ce hannu sama. Ni za ki raina?" Yara suka yi dariya.

Sau tara suka ƙirga kafin bidiyon ya ƙare.

Malama ta ajiye wayar a kan cinyarta. Direba ya zuba mata ruwa a kofi, ta riƙe ba ta sha ba. Sai ta ce, "Tun farkon zango nake sa ta durƙuso. Kusan kullum."

"Ba ki sani ba."

"Ina tsaye a gabanta. Taku uku ne tsakaninmu."

"Kina kallon yara arba'in da biyu."

Ran nan ba ta iya cin abinci ba.

Washegari Asabar, da hantsi, ta nufi shagon mai walda. Ta same shi a durƙushe yana haɗa ƙyauren ƙarfe, tartsatsi na tashi. Ya kashe injin, ya ɗage tabarau, ya goge mata benci da hularsa.

"An kawo shaidar ke nan, Malama?"

"Ka kira mamanta. Ku biyu nake so ku gani."

Gidan yana bayan shagon. Uwar ta fito tana goge hannu da gefen zani, suka zauna su uku a kan benci ɗaya. Malama ta kunna, ta nuna musu inda za su duba. Uban ya kalli zuwan abin na farko da na biyu bai motsa ba. A na uku sai ya cire tabarau ɗin daga goshi ya riƙe a hannu. Uwar kuwa tun a na farko ta toshe baki.

"Haka ta yi ran Lahadi," ta ce. "Mun zo tsallaka titi, na waiwaya na gan ta tsaye a tsakiya, mota na ta hon. Na fizgo ta. Da muka zo gida na zane ta, na ce wasa take da ranta." Ta sake duban wayar. "Tana ta ce mini, Mama, ban ji hon ba. Na ce ƙarya take."

"Ba ki faɗa mini ba," in ji mijin.

"Me zan ce maka? Na ɗauka sakarci ne."

Bidiyon ya kai wurin bango. Malama ba ta tsayar ba, ta bari suka ga hannayen na saukowa, suka ji muryarta. Uban ya juyo ya dube ta. Ta yi tsammanin zai faɗi magana, kuma ta shirya ta karɓa. Sai ya ce, "Yanzu me za mu yi, Malama?"

Ran Litinin ta nemi izini wurin hedimasta, karo na farko a shekaru da yawa, ta bi su asibiti. Likitar yara wata matashiya ce mai ƙaramar murya. Ta kalli bidiyon sau biyu, tana tsayarwa tana jawo fuskar kusa.

"Wa ya ɗauki wannan?"

"Ni ce. Malamarsu ce ni."

"Kin taimaka mana sosai. Yawanci in an kawo mana bidiyo ba a ganin idon, ko kuma kyamarar ta koma kan wani."

Ta yago takarda ta ba Auta, ta ce ta riƙe a gaban bakinta ta yi ta hurawa, tana ƙirga mata. Yarinyar ta ɗauka wasa ne, tana hurawa tana murmushi. Ba a daɗe ba takardar ta tsaya, idon ya yi sama. Likitar ta kira ta, ta ce, "Jan doki." Da yarinyar ta dawo hayyacinta, aka tambaye ta me likita ta ce. Ta ce likita ba ta ce komai ba.

"Za mu yi gwajin ƙwaƙwalwa mu tabbatar," in ji likitar, "amma alamun sun nuna wata irin farfaɗiya ce."

Uwar ta riƙo hannun Malama ta matse. "Farfaɗiya kuma? Ai ba ta taɓa faɗuwa ba. Babu mai ita a danginmu."

"Wannan ba ta kayar da mutum. Ɗauke shi take yi na 'yan daƙiƙu, ta dawo da shi, bai san an yi ba. Tana iya zuwa sau da yawa a wuni. Ba a ɗaukarta daga wani, kuma akwai magani. Yara da yawa tana barinsu in sun girma." Ta fara rubutu. "Abin tausayin, kafin a gane, an riga an ce da yaron daƙiƙi ne ko kangararre. Wasu har su bar makaranta."

A nan ne wani yaro ya faɗo wa Malama a rai. Shekara goma sha bakwai da suka wuce, benci na ƙarshe, dogo, mai manyan kunnuwa. Ita ta sa masa Kurma, don sai ta kira shi sau uku kafin ya juyo. Ya maimaita aji uku sau biyu a hannunta, a tsakiyar shekara ta ukun ya daina zuwa. Ta tuna har ta ce wa hedimastan wancan lokacin an rage mata kaya. Tana zaune a kan kujerar asibiti, ta ji kamar ɗakin ya ɗan karkata. Sai da mai walda ya taɓa kujerar ya ce an gama, sannan ta miƙe.

Gwajin ya tabbatar da maganar likita. Aka ɗora Auta a kan magani. A sati na farko barci ya yi ta damunta, aka rage yawan maganin. Malama ta dawo da ita benci na farko, ta tsaya a gaban aji ta ce daga ranar duk wanda ya sake cewa Gunki zai gamu da ita, ta kuma ce ita ta fara faɗin sunan, kuma ba ta kyauta ba. Yaran suka yi tsit suna kallon juna. Ba su taɓa jin haka daga bakinta ba. Wata biyu bayan nan shiftar Auta ta daina zuwa da giɓi. A ƙarshen shekara ta zo ta goma sha ɗaya.

Shi kuwa wancan yaron, sai da Malama ta sauke tsofaffin rajistoci daga saman kabad ta samo sunan ubansa, ta yi ta tambaya wurin masu shago na kusan wata guda. A ƙarshe aka kwatanta mata wani shagon wanki da guga a bayan tashar mota.

Ta same shi yana guge farar riga, tururi na tashi. Ya zama ƙato, har da gemu, amma kunnuwan suna nan. Yana ganinta ya ajiye dutsen guga, ya zagayo ya rusuna.

"Malama. Ke ce da kanki? Kaya za a wanke?"

"A'a. Wurinka na zo."

Ya ba ta kujerar roba, shi ya tsaya. Ta tambaye shi iyali, ya ce yana da mata ɗaya da 'ya ɗaya. Sannan ta tambaye shi ko ya tuna lokacin da take kiransa ba ya amsawa.

Ya yi dariya yana sosa ƙeya. "Ai ni Malama, kai ne babu. Sai in ga allo babu komai, in sake dubawa in ga ya cika, ban san sanda aka rubuta ba. A gida ma haka. Baba ya ce iskanci ne. Da na kai kamar sha uku sai abin ya bari da kansa."

"Kana iya karatu yanzu?"

"Lambobi dai. Kayan mutane da zare nake gane su, kowa da launinsa."

Ta fito da wayar ta nuna masa bidiyon Auta, don iyayen sun ba ta izini. Ta faɗa masa abin da likita ta ce, ta kuma faɗa masa gaskiya cewa yanzu babu mai iya tabbatarwa ko irinsa ne ya same shi. Ya kalla har ƙarshe. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya jawo bokiti ya kifa ya zauna a kai.

"Wato ciwo ne," ya ce. "Da magani."

"Da magani."

Ya dubi rigar da ya bari a kan tebur. "Ni duk shekarun nan na ɗauka haka aka yi ni."

"Ka yafe mini. Ni ya kamata in gani."

"Haba Malama, daina faɗa." Ya kau da kai yana goge fuska da bayan hannu. "Ni ban riƙe ki ba. Ban ma san akwai abin riƙewa ba."

Ta ce in yana so, ya riƙa zuwa gidanta ran Asabar da yamma, su fara daga baƙaƙe. Ya ce to, cikin ladabi, irin to ɗin da ba ta sa ran komai a bayansa. Asabar biyu bai zo ba. A ta uku ya yi sallama, da sabon littafin rubutu a naɗe cikin aljihu, ya ce kada ta faɗa wa kowa.

Yana zuwa sau biyu a wata, wani lokaci sau ɗaya, in aiki ya yi yawa ya ɓace. Karatun yana tafiya a hankali, don kan babba ba kamar na yaro ba ne, kuma yana jin kunyar yin kuskure a gabanta. Bara ta yi ritaya. A watan da ya wuce ya zo da 'yarsa mai shekara huɗu a kafaɗa, ya ce matarsa ta je unguwa. Yarinyar ta zauna a cinyarsa tana jan shafin littafin da suke karantawa, shi kuma yana bin layi da babban yatsa yana haɗa kalmomi da ƙarfi. Sun kai shafi na goma sha tara.